Sauron Gwaggo Rabi

Duk shekara idan 'yan makaranta suka zo koyon aiki ɗakinmu, kallo ɗaya suke yi wa kejin nan sai in ga dariya tana neman kuɓuce musu. Wai sauro ake kiwo. Sauron da ya cika Birnin Ƙonni kyauta, wanda ko ba ka gayyace shi ba zai iske ka har kan gado, shi ne aka ba ɗaki, aka ɗaukar masa ma'aikata. Bara ma wata yarinya ce mini ta yi, "Tanti Ramatu, ai wanga aiki hutu na." Na ce mata to, Allah ya ba mu hutun tare. Ba ta yi mako ba ta kashe mini faranti biyu na tsutsa, don ta wanke hannu da sabulu mai ƙamshi ta tsoma yatsa cikin ruwan. Ku ma da kuka zo bana na ga dariyar a fuskarku. Abu na biyu da kuke tambaya shi ne sunan da ke rubuce jikin kowane keji, wato Rabi. Ku zauna in gaya muku, amma sai kun haƙura na faro daga farko, don sai kun san aikin za ku gane sunan.

Ni ba karatu ya kawo ni nan ba. Lakwal, wato makarantar boko, kaɗan na yi, iyakar in karanta in rubuta, sai ɗan Faransancin da ba ya kai mutum ko'ina. Sana'ata ɗinkin hula ce, a gida na gaje ta. Malam Isuhu, wanda ya fara riƙe wannan ɗaki na bayan asibiti, shi ya sayi hulata a kasuwa. Maimakon ya ɗora a kai kamar kowa, sai ya juya cikinta waje yana duban bayan ɗinkin. Ya tambayi yayana da ke sayarwa ko wa ya ɗinka, aka kawo shi gidanmu. Bayan an gaisa ya ce, "Ke kinka yi wanga ɗumki?" Na ce ni ce. Ya ce, "Hannunki na rawa in kin ji yunwa?" Na ce ban taɓa lura ba. Ya ce, "To ina da wata allura da ta hi taki wahala, in kina so." Ni duk zatona tela ne.

Aikin farko da ya ba ni wankin faranti ne. Watanni na yi ina wanke fararen farantan nan da ruwa zalla, ba sabulu, in shanya a rana. Na ji haushi kuma ban ɓoye ba, na ce masa in wanke-wanke ne ai akwai a gidanmu. Ya yi kamar bai ji ba. Amma a bakin farantan nan idona ya buɗe. Na gane tsutsar sauron zazzaɓi kwance take a saman ruwa, ta sauron kwata kuwa rataye take kai ƙasa. Na gane in ruwa ya fara yin dusu-dusu to abinci ya yi yawa, gobe sai gawa. Na gane namiji da gashin bakinsa buzu-buzu ba ya cizon kowa, ruwan sukari ya ishe shi, macen ce mai neman jini don ta yi ƙwai. Malam Isuhu ba ya bayani sau biyu. Ya nuna maka da yatsa, ya tafi abinsa.

Daga nan ya miƙo mini matsotsi, wannan bututun gilashi mai robar da ake sawa a baki a zuƙo sauro da rai. Tsakanin gilashin da robar akwai ɗan ƙyallen gidan sauro da ke tare shi. Ranar farko ƙyallena ya zame, na zuƙa da ƙarfi, sai ga sauro har maƙogwaro. Ina tari ina hawaye, shi kuwa yana tsaye bai ko murmusa ba. Da na lafa ya ce, "Gobe ki yi kalaci kahin ki zo, kayan aiki ba na ci ba na." Tun ranar nake duba ƙyallen matsotsina kafin in kai baki, ku ma ku riƙa dubawa.

Fiɗar sauro ita ce allurar da ya yi mini alkawari. Za ki sa ta cikin sanyin firigo kaɗan ta suma, ki ɗora kan gilashi cikin ɗigon ruwan gishiri, ki sa ido a madubin likita. Allura ɗaya ta danne ƙirji, ɗayar ta kama kusa da ƙarshen ciki, ki ja a hankali. In kin yi daidai, tumbin zai biyo allurar cif, siriri kamar zare. In kin yi gaggawa ya tsinke, kin yi asarar sauro da ranar da aka ɓata wajen kiwonta. A jikin tumbin nan ake neman 'yan ƙulle-ƙullen da ƙwayar zazzaɓi ke yi. Jakar miyau kuma ta wajen wuya ake zaro ta, ta fi tumbin ƙanƙanta, numfashinki ma yana iya ɓatar da ita. Na fi shekara kafin Malam Isuhu ya leƙa madubina ya ɗago bai ce komai ba. A wurinsa wannan shi ne yabo, kuma ranar na koma gida ina jin kaina a sama.

Abokan gabar ɗakin nan yawa gare su. Kiyashi na iya cinye keji guda kafin a buɗe ƙofa da safe, shi ya sa ƙafafun tebura ke cikin gwangwanin ruwa. Akwai tsaka, akwai gizo-gizo, akwai zafi. Amma babbansu hayaƙi da ƙamshi. Sauron da ke cikin gari in ya ji hayaƙi sai ya tashi ya canza ɗaki. Na keji ba shi da inda za shi.

Masu zuwa neman sauro wurinmu iri-iri ne. Akwai masu gwada gidan sauro su ga ko maganin jikinsa yana kisa har yanzu. Akwai masu gwada feshi. Akwai ɗalibai masu rubutun gama karatu, waɗanda ke kiran waya da yamma su ce suna son sauro cike da keji gobe da safe, sai ka ce albasa ce a buhu. Irin waɗannan nakan ce musu sauro ba ya jin Faransanci, sai ya yi ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta girma. A cikinsu duka wadda ba zan manta ba ita ce Lokotoro Mariyama, wata likitar bincike.

'Yar Illela ce, ta yi karatu har ƙasar waje, tana aiki can a wani babban ɗakin bincike. Ta fara zuwa mana da damina, ta zauna kan benci nan inda kuke, ta ce sauron Ƙonni take so. Na ce, "Ranki shi daɗe, can ƙasar taku ba a samun sauro?" Ta yi dariya ta ce akwai, amma sun daɗe a keji tun kakannin kakanninsu, sun zama 'yan gata, ita tana son irin wanda ke cizon mutanenmu. Sai ta yi mini bayanin aikinta, kuma ta yi shi yadda zan gane.

Ta ce ƙwayar zazzaɓi matafiya ce. Daga jinin mutum take shiga tumbin sauro, a can mace da namijinta su haɗu. Abin da suka haifa ya huda bangon tumbin ya yi ƙulli, ƙullin ya cika da 'ya'ya sirara, su fashe shi su tafi jakar miyau. Daga nan in sauron ya ciji mutum su wuce hanta, daga hanta su koma jini. A kowane masauki siffarta daban. Kuma tana ɗauke da dubban ƙwayoyin gado, kowace da aikinta.

"Tanti, ke ɗiyar Ƙonni ta," in ji ta. "Direban da za shi kudu da kaya, shinge nawa shika wucewa?"

Na ce, "Ba su ƙirguwa."

"To kowane shinge da takardar da aka tambaya. Mu aikinmu mu zare ma ƙwayar ga takarda guda, mu sake ta ta kama hanya, mu gani wane shinge za a tsai da ta. Wata in anka zare, ko cikin jini ba ta rayuwa. Wata kuwa sai ta yi ta tahiya lahiya lau, sai cikin sauro a kama ta. In munka san takardar da shingen, masu haɗa magani sun san inda za su nuhwa."

Ta ce sai ta nemi izinin hukuma nan da can kafin ta ɗauki ko ƙwai ɗaya, abin zai ɗauki lokaci. In sauronmu ya karɓu, aikin zai riƙe ɗakin nan shekaru. Wannan magana ta yi mana daɗi ƙwarai, don lokacin masu zuwa sun ragu, har an fara raɗe-raɗin za a mayar da ɗakin wurin ajiyar kaya.

Sai aka shiga muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke da wuri, tafkuna suka ƙafe tun kafin lokacinsu. Bazara ta zo da zafin da ban taɓa gani ba, kuran, wato wutar lantarki, kuma ya zama baƙo, ya leƙo ya koma. Na'urar sanyaya ɗaki ta zama ado. Muka zuba yashi a ƙasa muna yayyafa masa ruwa, muka jera randuna, muka lulluɓe kejin da jiƙaƙƙun tawul, suna bushewa muna sake jiƙawa. Zomayen da sauron ke shan jininsu suka galabaita, har Malam Isuhu ya koma sa damtsensa cikin keji. Duk da haka kullum raguwa suke. Daga tebur cike muka dawo keji uku da 'yar tsutsar da ba ta taka kara ta karya ba. A tsakiyar wannan hali Mariyama ta kira ta ce izini ya fito, tana tafe, kuma makonni kaɗan gare ta. In ba ta samu ƙwai ba, za a kai aikin wata ƙasa. Muka duba keji ukun nan muka ce in Allah ya yarda za su isa.

Yanzu ga Gwaggo Rabi. Ita ke sharar tsakar gida da buro, wato ofis, tun kafin in zo. Dattijuwa ce mai tsabta, 'yar wani ƙauye kusa da Tsarnawa, kuma duk unguwarsu an san ta da haɗa turaren wuta. Ba a kai amarya ɗaki sai da kaskonta. Ɗakin sauro kuwa ba ta taɓa shiga ba, ba aikinta ba ne, kullum a kulle yake. Amma a zafin nan mun daina rufe ƙofar katako da rana don iska ta ratsa, sai ta raga kawai da 'yar sakata.

Ranar da baƙuwa za ta iso, ni da Malam Isuhu muka tafi tasha taryenta da hantsi. Gwaggo ta share ko'ina fes, ta yayyafa ruwa. Da ta zo wucewa ta ƙofar ragar nan sai wari ya buge ta, na tsohon ruwa da jiƙaƙƙen tawul da zomo. Ta ce a ranta, ɗiyar mutane ta taso daga wata duniya, ta shiga wannan ɗoyi ta ce mutanen Ƙonni ƙazamai ne? Ta aika gida aka kawo mata turarenta mafi tsada, wanda take ɓoyo don manyan bukukuwa. Ta hura gawayi a kasko biyu, ta zuba ba ƙyashi, ta ajiye tsakiyar ɗakin. Sannan ta ja ƙofar katako ta rufe ruf, yadda ake yi wa ɗakin amarya don ƙamshi ya kama.

Tun daga bakin asibiti na jiyo ƙamshin. Na dubi Malam Isuhu, ya dube ni, muka bar baƙuwa da jakarta muka sheƙa. Da na buɗe ƙofa hayaƙi ya fito kamar an kunna bola. Na ɗaga tawul ɗin keji na farko, ƙasan ya yi baƙi da sauro, ƙafafu sama. Na biyu haka, na uku haka. Na zauna kan yashin nan jiƙaƙƙe. Gwaggo na tsaye bakin ƙofa da sabon zanenta, tana murmushi tana jiran a yaba.

"Ɗakin ya yi daɗi ko?" in ji ta. "Dā wari shikai awa..." Sai ta ga fuskokinmu.

Malam Isuhu ya ce, "Gwaggo, sun mutu."

"Su wa?"

"Sauron."

Gwaggo ta riƙe haɓa. Ita a duniyarta mutuwar sauro ba abin jaje ba ne, kuma shekarun nan duka ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata abin da ake yi a ɗakin. Mariyama ce ta ƙaraso ta leƙa kejin, ta kama hannun Gwaggo ta ce, "Inna, na gode da tarya. Tun da ni bar gida ba a yi mini turare irin wanga ba." Sannan ta gaya mata a taƙaice abin da ta zo ɗauka, da abin da zai faru in ba ta samu ba. Gwaggo ta ɗauki kaskonta biyu da gefen zane, ta fita. Ni kam raina ya ɓaci matuƙa, gara da ta fita kafin bakina ya buɗe.

'Yar tsutsar da ta rage ba ta kai ko'ina ba, zafi ya ƙarasa ta. Muka hau kabu-kabu muka zaga duk inda muka saba ɗiban tsutsa da ludayi, ramukan bulo, sawun shanu a bakin rijiya, har wajen Tajaye. Ko'ina ƙasa ta tsage. Cikin gari kuwa sauron kwata ne kawai, wanda ba ya ɗaukar zazzaɓi. Malam Isuhu ya fara tattara alluransa cikin gwangwani, ni ma na fara tunanin inda na ajiye zaren hulata.

Gwaggo ba ta zo aiki ba kwana biyu. Rana ta uku sai ga ta da sassafe, ba ta ko ɗauki tsintsiya ba, ta tsaya gabana.

"Ramatu, sauron ga naku, shina da wata alama?"

Na ce, "In ya sauka bango, gindinshi sama yake, kai ƙasa."

"Awa mai sujada? Akwai su garinmu. Ɗakunan da ke bakin garake, inda aka ban ruwan albasa, ko da rani ba su rabuwa da su."

Na ce mata mun san da wannan, amma matan wurin kowace da magariba sai ta yi turare ko ta kunna maganin sauro, kafin safiya ba a iske komai a bango.

Ta ce, "Wanga ki bar mini."

Ashe kwana biyun nan can ta tafi. Gida-gida ta bi, ita da aka sani da sayar musu da turare, tana roƙon mata su ajiye kasko na 'yan kwanaki. Kowa ya shige gidan sauronsa da wuri, yara musamman, amma kada a yi hayaƙi, kada a yi feshi, kada a kaɗe bango da safe. Ta gaya musu abin da ta yi da bakinta, ba ta rage komai ba. Aka yi mata dariya har da riƙe ciki. Wata ta ce, "Gwaggo, ke da kinka ce mace ba turare ba mace ba ta?" Wata amarya ta ce ita fa ba ta yarda ba, ko wata ba ta yi a ɗaki ba. Gwaggo ta ce mata, "Ɗiyata, in angon ga ya gudu don kwana ukku ba ƙamshi, ni da kaina ina samo miki wani." Aka sake fashewa da dariya, amarya ta yarda.

Da gari ya waye muka isa da matsotsai da kofunan takarda masu rufin raga, ni da Malam Isuhu da Mariyama. Gwaggo ke gaba tana sallama, mata na fitowa suna ba mu ɗaki. Ban taɓa shiga ɗakunan mutane haka ba a rayuwata. Ƙarƙashin gado, bayan kwanonin jere, cikin tufafin da aka rataye, rumfar awaki. Na haska tocila bayan wata tabarma da aka jingine, sai ga su jere, gindi sama, ciki ja cike da jini. Wallahi ban san lokacin da na yi guɗa ba. Matan gidan suka taru a ƙofa suna kallon babbar lokotoro durƙushe ƙarƙashin gadon amarya da roba a baki. Gwaggo ba ta iya matsotsi ba, amma idonta ya fi na kowa. "Ga wata can, Ramatu! Bisa ƙwaryar! A hankali, kar ki kashe mini ita."

Haka muka yi ta komawa 'yan kwanaki. Kowace macen sauro muka ware ta cikin kofinta da jiƙaƙƙiyar takarda a ƙasa. Sauron daji sai an yi hattara da shi, don wata na iya zuwa da ƙwayar zazzaɓi a jikinta, amma ƙwanta tsarkakakke ne, cutar ba ta bin ƙwai. Safiyar da na ɗaga kofi na ga takarda ta yi ɗigo-ɗigo baƙi kamar an barbaɗa toka, na kira Gwaggo ta gani. Ta sa ido ta ce, "Wanga ɗan abu ad duk hitinar?" Muka raba ƙwan biyu. Mariyama ta tafi da rabi, rabi ya zauna nan. Da aka zo rubuta sunan sabon irin a jikin keji, Malam Isuhu ya ɗauki alƙalami ya rubuta Rabi, bai yi shawara da kowa ba.

Bayan wasu watanni Mariyama ta nemi in je can in taya su, don sauron daji ba ya son aure cikin keji. Malam Isuhu ya koya mini dabarar: babban keji, baƙin ƙyalle a ƙasa, a riƙa rage haske kaɗan-kaɗan kamar faɗuwar rana har mazan su taru su fara rawa. Na shiga jirgi karo na farko. Ba zan cika ku da labarin sanyi da abincinsu ba. Ɗakin nasu ƙofa bayan ƙofa ne, ba abin da ke fita da rai, kuma na koyi abubuwa da yawa wurinsu. A can aka shayar da jikokin sauron Gwaggo jini iri biyu, ɗaya da ƙwayar zazzaɓi cikakkiya, ɗaya da wadda aka zare wa takarda guda. Ni da wasu muka zauna fiɗa.

Abin da na gani da idona shi zan gaya muku. Akwai wadda aka zare wa gado ɗaya, a jini lafiyarta ƙalau, amma da ta shiga sauro ta kasa huda bangon tumbi. Sai ki zaro tumbi ki gan shi sumul, ko ƙulli ɗaya babu. Akwai wadda ba abin da ya same ta ko kaɗan, ta wuce kowane shinge tana kaɗa hannu, wannan kam ta ba Mariyama haushi, don ta daɗe tana sa rai a kanta. Akwai wadda aka ce sai a hanta ta tsaya, amma wannan a wani ɗaki aka duba, ban gani ba. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta ƙarshe. Ta huda tumbi, ta yi ƙulle-ƙullenta kamar kowa, har na ce wannan ma ta tsira. Aka bar su suka ƙara kwanaki. Na cikakkiyar suka cika maƙil da 'ya'ya jere kamar allurai. Nata kuwa da na duba, fanko, ba komai ciki. Na zaro jakar miyau, wayam. Na sake wata, na sake wata, har wuyana ya ƙage, duk haka. Sauron nan ko ta ciji jariri ba abin da za ta sa masa. Na kira Mariyama ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba, da ta ɗago kuwa Hausa ce ta fito mata, ta ce, "Tanti, an kama ta."

Na dawo gida da hotuna biyu a wayata da ƙullin itacen turare mai kyau da Mariyama ta saya wa Gwaggo. Na iske ta tana shara. Na nuna mata ƙulli cikakke, na nuna mata fanko, na ce wannan a cikin jikar sauron ɗakin amarya aka gani.

"To an samu maganin masassarar ke nan?" in ji ta.

Na ce, "Tukuna, Gwaggo. Shinge guda anka gano. Da sauran tahiya."

Ta jinjina kai ta ce, "Guda ma ai ba banza ba."

Na miƙa mata turaren. Ta kwance, ta shinshina, ta lumshe ido, ta ce ba ta taɓa riƙe irinsa ba. Ban ga ta ɗiba ko tsinke ba. Ranar kasuwa ta hau mota ta kai ƙauyensu, ta rarraba wa matan da suka ajiye kaskonsu, amarya ta samu kaso mafi girma.

Ɗakin bai zama wurin ajiyar kaya ba, ga ku ciki. Malam Isuhu ya yi ritaya yana noman rani, ni ce na gaji gwangwanin alluransa, kuma ba ni da abin da zan ce wa wannan sana'a sai godiya. Duk sauron da ke kejin nan daga waɗancan ɗakuna ya fito. Gwaggo ma ta daɗe da ajiye tsintsiya, ba wanda ya sa ta zuwa, amma kun ganta da safe kan kujerarta a bakin ƙofa. Ita ce tsohuwar da ta tare ku ta kama hannun rigarku ta kai hanci, ta mayar da ɗayanku gida ya sake wanka. Na ga kun ɓata rai. Kada ku yi mata gardama, ni ma sai ta shinshina ni nake wucewa. Ranar da wani babban baƙo ya ce mata ai ɗan turare kaɗan ba ya komai, ko tashi ba ta yi ba, ta miƙe ƙafa ta tare ƙofar ta ce, "Alhaji, ni za ka gaya ma abin da turare ka yi?"